Ranar da Na Kira Sunansa a Italiya

Zuwa ga Innata da ke kwance a makabartar Gummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Allah, na zo miki da wani laifi da na aikata. Na san ba za ki karanta ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Inna, na je Italiya. Surukinki, wanda kika bari yana ɗibar jinin yara don gwaji a Bagega lokacin gubar dalma, shi aka gayyata horo na mako biyu, ya yi ta fafutuka har aka bar ni na bi shi. Ranar Asabar ya ce mu je yawon buɗe ido wani ƙaramin gari a kan tudu, mai ganuwar dutse, wanda aka ce ya yi ɗaruruwan shekaru. Mota ta ajiye mu a ƙofar gari. An gaya mana ta ƙarshe za ta tashi ƙarfe biyar.

Da kin ga garin! Lunguna ne matsattsu, ƙasa dutse, bango dutse. Mun ci wata taliya mai kauri da aka murza da hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa da man zaitun. Burodinsu ko gishiri babu. Duk inda muka shiga sai ya nuna takardar da aka rubuta masa cewa ba ma cin alade, ba ma shan giya.

Bayan la'asar ya shiga layin sayen askirim. Wayata tana aljihunsa, don abayata ba ta da aljihu. Ina tsaye na hango wata taga a wani lungu, furanni ja sun zubo daga gare ta, daidai irin wadda nake gani a raina idan ina karanta littattafaina. Na ce taku goma kawai zan yi. Kin tuna ranar da na ƙona tuwo ina karatu, kika ce, "Littattahwan ga sai sun ɓad da ke wata rana, ɗiyag ga"? To, Inna, sun ɓad da ni.

Daga tagar na ga wata ƙofa, daga ƙofar na ga matakala. Da na juyo, lungu uku ne a gabana, duk kamarsu ɗaya. Na bi na farko, ya kai ni bangon coci. Na dawo na bi wani, ya mayar da ni ƙarƙashin tagar nan. Ba ni da waya, ba ni da fasfo, ban ma riƙe sunan garin da muka sauka ba. Ƙararrawa ta buga huɗu. Sai na fashe da kuka.

Wata tsohuwa mai sayar da cuku ta gan ni ina kuka a bakin shagonta. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa. Ta nuna zoben hannunta, ta nuna ni, ta yi ta maimaita kalmar Turanci ɗaya da ta iya: suna. Sunan mijina take so.

Inna, na buɗe baki, ya ƙi fita. Kin san sunansa sunan Baba ne. Shekara talatin kika yi da Baba ban taɓa jin kin faɗa ba, ko yaron maƙwabta mai irin sunansa, "mai sunan Malam" kike ce masa. Daren da za a kai ni gidan miji a Anka kika riƙe kunnena kika ce, "Macce ta ƙwarai ba ta hwaɗin sunan mijinta." Shekara uku ina riƙe da wannan. Sai na ce wa tsohuwar, Malam. Ta fita bakin lungu tana ta kiran Malam, Malam, mutane suna kallonta.

Da ta gaji ta ja hannuna har babban dandalin garin, ta hau da ni matakalar coci. Dandalin cike yake da baƙi. Agogon hasumiya ya nuna saura minti ashirin motar ƙarshe ta tashi.

Can na hango hularsa. Yana can ƙarshen dandali, ya ba ni baya, yana sauri zai shiga wani lungu mai gangarawa. Na san idan ya shige shi ke nan. Na ce Malam, hayaniya ta haɗiye. Na ɗaga murya na ce Maigida, ko waiwaye. Saura taku kaɗan ya ɓace.

Sai na cika ƙirjina da iska na kwarma ihu: Lawali! Tantabaru suka tashi. Na sake, na kuma sakewa.

Ya tsaya cak. Ya juyo, ya keto taron da gudu, askirim biyu sun narke sun ɓata masa hannun riga, ashe duk neman nan bai yar da su ba. Idanunsa sun yi ja. Bai yi mini faɗa ba. Sai da muka zauna a mota muna haki ya dube ni ya ce, "Ashe kin san sunana, Saratu? Na ɗauka sai na nuna miki katin zaɓe."

Na yi dariya, sannan na yi kuka har muka sauka daga tudun, domin na tuna wani abu da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da aka ɗauki gawar Baba, ina bayan ƙyauren ɗakinki. Da makara ta kai bakin zaure, na ji kin kira shi da sunansa, a hankali, sau ɗaya. Bai juyo ba.

Nawa ya juyo, Inna. Ki yafe mini, amma da za a mayar da ni kan matakalar nan, zan sake kira.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi, inda zai amsa miki.

Autarki,
Saratu