Na Ɗauki Bidiyon Inna Tana Kuka a Bakin Teku

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda ya ga ya dace ya zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama zagin ya gaya min yadda zan yi.

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Tandabawi na tashi, yanzu ina zaune a unguwar Shisha da matata da 'ya'yanmu uku da mahaifiyata, muna ce mata Inna. Shagon gyaran waya nake da shi. Iyayena ta ƙasa suka zo, suka biyo ta Chadi da Sudan, suka ƙetaro ruwa. Iyakar abin da na sani ke nan, don mu 'ya'yan nan ba mu cika tambaya ba, da tsofaffi sun ɗauko labarin hanya sai kowa ya sunkuya kan wayarsa. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ne babba a gidan, ko in ce haka na tashi na sani. Kuma halina biyu da kowa ya san ni da su, tsokana da saurin fushi, bakina ba ya jiran kaina ya gama tunani.

Akwai wasu abubuwa na Inna da na daɗe ina gani ina mayar da su abin dariya. Ba ta cin kifin teku, ko an sayo an soya ƙamshi ya cika gida, sai ta dama kununta ta koma ɗaki. Ba ta taɓa bin mu Jidda bakin ruwa ba, kullum da uzurinta, yau ƙafa, gobe ciwon kai. Sannan kun san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, alkunya take masa har ta mutu. To ni Inna sunana take kira gatsau, ko a gaban wa. Ƙawayenta ba su taɓa yi mata magana a kan haka ba, ni kuwa har tsokanarta nake, in ce zaman Makka ya cinye mata kunya, sai ta yi murmushi ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ɗana namiji guda ɗaya ne, shekararsa biyar, bari in kira shi Idrisu duk da ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Baba ne ya yi masa huɗuba ya zaɓa masa sunan, lokacin yana raye. Ranar suna da aka faɗi sunan, Inna ta shige ɗaki ta rufe, aka ce gajiyar girki ce. Tun daga ranar ban taɓa jin sunan yaron a bakinta ba, Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika. Wa zai kawo wani abu a ransa? Ita ke masa wanka, ita ke ɓoye masa gyaɗa a gefen zane, in na ɗaga hannu zan doke shi a bayanta yake ɓuya.

To da aka yi hutun makaranta na bana, yara suka sa ni gaba sai an kai su bahar, wato teku, wai 'yan ajinsu duk sun je. Ni da yayan matata muka haɗa muka kama ɗan gidan haya a bakin ruwa wajen Shu'aiba, irin wanda muke ce wa shale. Inna ta ce mu je Allah ya kiyaye, ita za ta zauna. Na ce sam, tana da ciwon suga, ba zan bar ta ita kaɗai a gida ba. Ta ce a kai ta unguwar Utaibiyya wajen Gwaggo, ƙanwar Baba. Na ƙi, na kafe, wai ni mai son uwa, sai ta sha iska. Har na ce mata, ita da ta ƙetare tekun nan gaba ɗaya tun tana yarinya, yau kuma bakinsa ne zai gagare ta? Ta dube ni kawai. Sai na turo mata Maigida ya riƙe mata zane yana roƙo, na san ba ta iya ce masa a'a. Haka ta shiga mota, tun daga Makka har muka isa carbi take ja.

Da muka isa yara kamar su yi hauka don murna, an sayo musu 'yan bokitai da shebur na roba, matata ta haɗa shayi, yayanta ya hura gawayi zai yi mana tsire. Inna kuwa ta ja tabarmarta jikin bango, ta zauna ta juya wa ruwan baya. Haka ta wuni, haka ta sake wuni washegari. In yara sun kawo mata ƙwanson kifi da suka tsinto sai ta ce su ajiye can, ba ta taɓawa. Ni kuma ina ta surutu, ina ce wa surukina ka ga Hajiya an biya kuɗin kallon teku tana kallon bango. Kowa ya yi dariya, har ita ta ɗan yi, irin ta yaƙe, yanzu ne nake tuna yadda fuskarta take.

A wuni na biyun da la'asar rana ta yi sanyi, bakin ruwan ya cika da iyalai, Larabawa da sauransu, kowa da shimfiɗarsa. Na saka wa Idrisu robar iyo a hannu, na ce ya shiga in ɗauke shi bidiyo. Wallahi ruwan wajen bai wuce ƙugunsa ba, kuma ina tsaye kusa da shi. Sai wata 'yar igiyar ruwa ta ture shi ya zauna, kansa ya nutse ya ɗago yana tari yana dariya. Yayarsa ce ta yi ihu ta ce ya faɗa ruwa. Ban ankara ba sai na ji wata ƙara a bayana da ban taɓa jin irinta ba. Inna ce, matar da sai an riƙe ta take hawa mota, ta taho da gudu ba takalmi, mayafi ya faɗi, tana kiran Idrisu, Idrisu, da iyakar ƙarfinta. Ta faɗa cikin ruwan da kayanta, ta rungume yaron ta zube a kan gwiwa, tana kuka wiwi tana cewa a bar mata shi, kar a saka shi, ai bai mutu ba, a bar mata shi.

Jama'a, ni da ya kamata in jefar da wayar in ɗaga uwata, ban kashe bidiyon ba. Da farko dariya ce ta kama ni. Da na ga mutane sun taru, mata suna nuna mu, wasu samari sun ɗaga wayoyinsu, wani dattijo yana tambaya ko a kira motar asibiti, sai dariyar ta koma fushi. Na fizge yaron daga hannunta, na daka mata tsawa da Larabci don na kusa su ji cewa ni ba na goyon bayan abin, na ce ta kunyata mu, ta mayar da mu abin kallo, ruwan da bai kai gwiwa ba take wa wannan haukan. Eh, kalmar da na faɗa ke nan, hauka, ga mahaifiyata. Matata ce ta ɗauko mayafin ta rufa mata ta kama ta suka koma ciki. Inna ba ta ci tsiren da aka sake yi a daren ba, ta ce sanyi take ji.

Da fushin ya sauka sai shaiɗan ya sake buga min ganga, na kalli bidiyon na ga ai abin dariya ne. Na yanke wajen tsawar, na tura a guruf ɗin dangi, na rubuta cewa ga jarumar ceto ta Shu'aiba. Nan da nan aka cika shi da fuskokin dariya, wani ɗan ƙanina har ya yanko fuskarta ya yi sitika da ita.

Muna dawowa Makka Gwaggo ta kira ni, ta ce in zo Utaibiyya in same ta ni kaɗai. Na tarar da ita a kan darduma, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Jikarta ce ta nuna mata bidiyon. Ta tambaye ni ko na taɓa tunanin dalilin da ya sa uwata take faɗin sunana, na ce a'a. Ta ce saboda ba ni ne ɗan fari ba.

Ta ce sun taso daga gaɓar Sudan a ƙaramin jirgin katako, an cusa su kamar buhuna, ita da Baba da iyayensu da Inna, lokacin Inna tana amarya da goyon ɗanta na fari, jariri ko zama bai fara ba. Iska ta ɓata musu hanya, ruwan sha ya ƙare, nono ya kafe, yaron ya kama gudawa, ya cika a hannun uwarsa. Masu jirgi suka ce ba a ajiye gawa a wannan zafin kuma ba su san yaushe za a ga tudu ba. Baba ya yi masa salla, aka naɗe shi a zanen goyonsa aka saka shi a ruwa. Inna ba ta yi kuka ba, surukanta suna zaune a gabanta, kuma ɗan fari ne, ko yana raye ba ta isa ta nuna tana sonsa ba balle ta yi masa kuka. Juya baya kawai ta yi, ba ta sake kallon ruwan ba har aka sauke su. Gwaggo ta ce gaɓar da aka sauke su ma ba ta da nisa sosai da inda na kai ta shan iska. Sunan yaron Idrisu, shi Baba ya mayar wa ɗana.

Sai ta ce min, "Kukan nan da ka ɗauka kuna dariya, shi ne wanda ba ta samu ta yi a jirgi ba. Tun kafin a haife ka take riƙe da shi."

Ban san yadda aka yi na iso gida ba. Na goge bidiyon, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge, amma ya riga ya fita, har dangi na Najeriya sun gani, wata ta kira tana tambaya wai Hajiya aljanun ruwa ne suka taɓa ta. Gwaggo kuma kafin in fito sai da ta sa na rantse cewa Inna ba za ta san ta gaya min ba. Ta ce su uku ne suka rage da wannan maganar, Baba ya tafi da tasa, ita da Inna kuma ko sau ɗaya ba su taɓa tayar da ita ba, in Inna ta ji ɗanta ya sani kunya za ta hana ta sake haɗa ido da ni. Don haka ko matata ban gaya wa ba, ita har yanzu tana cewa tsufa ne kawai, in daina damun kaina.

Na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na ce ta yafe min tsawar da na yi mata. Nan kaɗai zan iya tsayawa saboda rantsuwa. Kun san abin da ta ce? Ta ce ba komai, ita ce za ta ba ni haƙuri, ta ba ni kunya a gaban surukaina da baƙin mutane, ba za ta ƙara ba. Wallahi da ta ɗauki muciya ta rotsa min kai da ya fi min sauƙi. Har yau tana dama min kunu da safe kafin in fita shago, tana yi min Allah ya tsare, amma ta daina zama da mu a falo, kuma ta rame.

Abin da ya fi ci min rai yaran ne. Sun mayar da abin wasa, ɗaya ta ɗaura zane ta zama Inna, ta ruga tana ihun Idrisu, sauran su faɗi suna dariya. Na doke su a kan haka, babbar ta ce ai ni ma na yi dariya, ni na tura wa mutane. Shi kuma yaron wani abu daban ya riƙe, ya gane cewa kakarsa ta san sunansa. Kullum sai ya je ya hau cinyarta ya kama fuskarta ya ce ta sake faɗa, sau ɗaya kawai, kamar yadda ta faɗa a bahar. Sai ta ce, Maigida tafi ka yi wasa, ta juya fuska bango, irin juyawar da ta yi a Shu'aiba.

To 'yan uwa ga inda nake. In karya rantsuwar in yi kaffara, in je in ce mata Inna na sani, na san ina da yaya, ki yi kukanki a gabana ba kunya? Ko hakan zai zama na sake tsiraita ta karo na biyu, bayan wanda na yi a gaban duniya? Ko in yi shiru in bar ta tana ganin ita ce ta yi min laifi har ɗayanmu ya mutu? Malaman cikinku ku gaya min hukuncin rantsuwar, iyaye mata kuma, musamman waɗanda suka san alkunyar ɗan fari, ku gaya min in ku ne wanne za ku fi so ɗanku ya yi. Sannan yaron nan, me zan ce masa ya daina roƙonta? Ɗazu kafin in fito sai da ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce Baba, Inna ta manta sunana ne, mu koma bahar ko za ta tuna.