Bunsurun da Na Saya a Ɓoye

Litinin, 11 ga Yuni, 1973
Na dawo Gusau daga ƙauyenmu na bayan Tsafe. Shuka ta ƙone. Kowace shekara Baba kan yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya kafin a sa iri. Bana ba ya raye, wuƙar ta faɗo hannuna, na ce ni mai bin Yesu ne, ba zan yanka ba. Da zan taho Inna Uwani ta ce, "Ɗanlami, kai ka hana muna ruwa." Ko kallona ba ta yi ba.

Alhamis, 14 ga Yuni
A masaƙar da nake aiki zare sai tsinke mini yake. Na san duk ƙasar ce babu ruwa. Na sani. Amma zuciya ba ta jin lissafi. Idan ƙannena suka kwana da yunwa fa?

Asabar, 16 ga Yuni
Na sayi bunsuru. Na ce wa matata Ladidi na kiwo ne. Matar nan ta dube ni, ta dubi baƙin gashinsa, ta ci gaba da tankaɗe.

Lahadi, 17 ga Yuni
Bungudu, wajen Malam Usman mai bishara. Na kai masa dabarata: ya yi wa bunsurun addu'a, in yanka da sunan Yesu, kowa ya huta. Wai ni mai wayo! Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko yankan Baba ya taɓa hana shi fargabar baɗi. Na ce a'a, daga kaka yake fara neman wani. Ya ce jinin dabba iyakarsa ƙasa, ba ya kaiwa inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na Almasihu an zubar sau ɗaya, lamiri yake wankewa. "Ba ruwan sama kake son saye ba. Kwanciyar rai kake nema, ita ko an riga an biya."

Haushi na ji. Haushin gaskiya.

Laraba, 20 ga Yuni
Na yi addu'a, ba ta fita da kyau ba. Kuka ya fi yawa.

Asabar, 23 ga Yuni
Na musanya bunsurun da dawa, na kai gidanmu na ƙauye. Sama fes, ko gajimare. Inna ta sake faɗin maganarta. Na jira abin nan ya soke ni kamar kullum. Tausayinta kawai na ji. Ban ce na warke ba. Na dai zauna kusa da ita har ta gama, na cinye tuwona.