An Goge Sunan Sufyan, Nawa Yana Nan

Ummi,

Gaisuwa daga Marseille. Ya ƙafar Baba?

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Sunana ne dai har yanzu yake na'urar 'yan sandan iyaka, saboda ɓarawon nan mai irin sunan gidanmu. In na zo gida Sfax, komowa Marseille sai Allah. Tare da ƙanena Sufyan muka kai kuka hukumar kare bayanan mutane. Shi an goge nasa, ni an ce in jira.

Jiya yana haɗa jakar tafiya gida yana waƙa, har da cewa, "Yaya, me zan kawo maka?"

Allah ya kai shi lafiya. Ki dafa masa komai, Ummi, ban da miyar kifin nan. Ita sai na zo.

Ɗanki,
Lutfi