Tauraro a Goshin Hajiya

Jikokina, ga kacici-kacici kafin wasiƙar yau: wace malama ce za ta ce wa tsohuwa "kin faɗi," tsohuwar ta kwashe da dariya har ta ba ta dabino? Ku riƙe ta tukuna, mu ji mai kuka.

Kaka Ummulkhair, don Allah ki taimake ni, na yi aika-aika. Ina bin gidaje a nan Dubai ina koyar da karatu. A wani gida a unguwar Abu Hail ina da ɗaliba Kamila, 'yar shekara bakwai, wadda haruffan b da d ke juye mata, har ta fara tsanar littafi. Kakarta, Hajiya, da ta zo zama wurin 'yarta, ta ja ni gefe ta ce ita ma tana so, ta gaji da miƙa wa mutane waya su karanta mata saƙo. Muka fara a ɓoye, bayan na sallami Kamila. Ranar da ta karanta sunanta da kanta, daɗi ya kwashe ni, hannuna ya yi abin da ya saba yi wa yara: na manna mata tauraron takarda a goshi, na tafa, na yi mata kirarin yara da Larabcin garin nan, na ce "yalla habibti, yarinyar kirki!" Sai ga surukinta Mu'awiya ya shigo falo. Ya sunkuyar da kai ya juya. Tun ranar, in na ce mu zauna, sai Hajiya ta ce "inshallah," kin kuwa san inshallah ɗin garin nan, a'a ce cikin ladabi. Saura ƙiris ta iya, Kaka. Ba na so ta koma gida tana neman mai karanta mata.

Malama mai tauraro

'Yar nan, na yi dariya har ɗankwalina ya zame, ki yafe ni. Ni ma a aji uku na tsaya, na san yadda harshe ke nauyi in babba ya zauna gaban ƙaramin malami. Ba mugunta kika yi ba, murna ce ta yi miki yawa. Amma ita ma ba fushin banza take yi ba. Matar da ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, ya same ta da tauraro a goshi kamar 'yar aji ɗaya?

Ki je ranar da ba ta karatu ba, babu jaka babu littafi, lokacin da Mu'awiya ke wurin aiki. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ba ta haƙuri a taƙaice, kada ki ja zancen ki sake tayar mata da kunya. Sannan ki roƙe ta alfarma: ki ce Kamila na bukatar ɗalibar da za ta koya wa b da d, ko sa daina juye mata. Gaskiya ce, ba wayo kaɗai ba. Ki haɗa su tabarma ɗaya, ki miƙa wa yarinyar taurarin, ke ki koma gefe kina gyara a hankali. Allah ya buɗe musu karatu su biyun, ya bar ki da zumuɗinki, amma a rage tafi.

Amsar kacici-kacici kuwa, jika ce. Ita kaɗai ke manna wa kakarta tauraro a goshi, suruki na kallo, a tashi lafiya.