Baƙar Jitar Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Yaya Suzana,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya maigidanki da yara? Ni lafiya lau nake a Fatakwal.

Abin da Charles ya faɗa muku gaskiya ne, na sayar da jita biyu. Otal ɗin da nake kiɗa ya rufe tun watan Mayu. Kada Mama ta ɗaga hankalinta, ina cin abinci. Sai dai ranar da mai sayen ya ɗauki jar, wadda na yi shekara tara da ita, ya ƙwanƙwasa bayanta kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Ai ta tsufa." Juya masa baya na yi har ya fita.

Kin ce in dawo Tudun Wada in kama koyarwa, kuma Malam Nagoda na Kwangila yana son sayen baƙar jitar da na bari a ɗakin Mama. Ki yi masa godiya, ki ce a'a. Da ita marigayi Baba ya koya mini kiɗa, hannunsa a kan nawa. Ni kuma ba yanzu zan dawo ba.

Roƙona ɗaya ne. Ki naɗe ta da bargo, ki ba direban da kika yarda da shi ya kawo mini. Ana neman makaɗi a wani biki ƙarshen wata, na riga na ce musu ina zuwa.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Eric