Maigidana Ya Ratsa Da Mu Fadamar Da Aka Rufe

Anti Darlene,

Don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan in na dubi maigidana sai raina ya ɓaci, kuma ban da wanda zan faɗa wa.

Shekararmu sha huɗu da aure, a nan Leadville muke zaune. Duk bazara muna hawan Dutsen Hollis. Kin san yadda ake yi: a tuƙa keke har gindin dutsen, a jingine shi a bishiya, a ƙarasa da ƙafa. Hanya biyu ce. Akwai tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai, mil goma sha ɗaya, duk tsakuwa da hawa. Akwai kuma wadda ta ratsa fadama, mil huɗu kacal, amma hukumar gandun daji tana rufe ta har ƙarshen Yuni, saboda lokacin ne barewa ke haihuwa a wurin, ga ƙasar duk taɓo bayan ƙanƙara ta narke.

Ranar Asabar ɗin can mun makara. Da muka iso mararraba, ga ƙyaure a kulle, ga allon hana shiga ɓaro-ɓaro. Royce, maigidan nawa, ya ɗaga kekensa ya tsallakar, ya ɗaga nawa ma. Na ce masa an fa rufe. Ya ce, “Haba ke kuwa, barewa ta iya karatu ne? In muka bi doguwar hanya tsawar rana za ta riske mu a ƙololuwa. Ki zaɓa.” Anti, na bi shi. Wannan ma yana cikin abin da ke ci na.

Tayoyinmu suka yi ta yanka fadamar, kwari biyu a bayanmu, ruwa yana cika su. Muna tsakiya sai wani garken barewa ya watse. Wata jaririya, ko cibiyarta ba ta bushe ba, ta zabura daga ciyawa gab da tayarsa, ta faɗa cikin taɓo har wuya tana kuka. Ya tsaya, na ɗauka ciro ta zai yi. Ashe waya ya zaro ya ɗauki hoto. Ya ce uwar za ta dawo, mu wuce. Da muke dawowa da yamma na hango hankaki sun taru a gefen. Ban je na duba ba. Ban iya ba.

A wurin ajiye motoci muka tarar da ma'aikaciyar gandun daji, ta kalli taɓon da ke kekunanmu ta tambaye mu ta ina muka bi. Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, “Madam ce ta zaɓi hanya, ita da taswira ba sa shiri.” Ni da nake riƙe taswirar ƙungiyarmu ta masu hawan dutse shekara shida! Matar ta ja mini kunne, na sunkuyar da kai, shi kuma ya tuƙa mu gida yana fito.

Yanzu ga inda take. Asabar mai zuwa shi zai jagoranci ƙungiyarmu ta coci, mutum goma sha biyu, har da Wendell mai shekara saba'in da aka yi wa aikin gwiwa. Ya ce ta fadama za a bi, don Wendell ba zai iya mil goma sha ɗaya ya kuma sauko kafin hadari ba. Gaskiya ba zai iya ba. Amma in na tuna tayoyi ashirin da huɗu a cikin wurin nan sai in tuna jaririyar nan. In tona masa asiri a gaban mutane? In yi shiru in ce ba ni da lafiya? Jiya ya gasa nama a bayan gida, na kasa ci.

Mai Taɓo a Taya

Mai Taɓo a Taya,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, ni ma raina ya ɓaci. Amma bari in fara ba maigidanki abin da yake nasa. Tsoron tsawa a kan dutse ba wasa ba ne, kuma damuwarsa da gwiwar Wendell tana da tushe. Sai dai wanda ya makara, komawa gida yake yi ya sake shiri, ba ya tsallake ƙyaure. Fadamar nan ba ta cikin zaɓi, ko wannan Asabar ko wata, sai an buɗe ta.

Hanyoyin da suka rage miki uku ne. Ku tashi da asuba ku bi doguwar hanya, a sa lokacin juyowa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Ko ku je ranar Juma'a a hankali ku kafa tanti a gindin dutsen. Ko ku ɗage tafiyar zuwa Yuli. Ke ce mai taswira, ki aika wa 'yan ƙungiya yau cewa fadama a rufe take, ga abin da ya rage. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Ki kuma tambayi Wendell da bakinsa, kada a yi ɓarna da sunansa bai sani ba.

Abin da ya fi taɓo ƙazanta shi ne ƙaryar da ya ɗora miki. Ki zaunar da shi ku biyu, ki faɗa masa abin da kika gani da yadda kike ji, ba da ihu ba. Ki ce ku koma wurin ma'aikaciyar nan tare ya gyara maganarsa, ku nuna mata inda kuka bi, ku sa hannu a aikin gyaran wurin. In ya ƙi, ki je ke kaɗai, don ke ma kin bi, kuma nauyin ba zai sauka ba sai kin faɗa. Yadda zai amsa zai nuna miki ko kuskuren rana ɗaya ne ko hali, sannan ki san abin yi.

Ki ci abinci, 'yar uwa. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya kai ku lafiya Ya sauko da ku lafiya.

Anti Darlene