Ruwan da Ke Cin Gilashi

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya sauka? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiyata ƙalau. A wurin aiki an mayar da ni ɗakin da ake auna wani farin gari, haɗin siziyam da fuloraid. Kamar gishiri yake, amma in ya gamu da asid sai ya ba da ruwa mai cin gilashi. Makon jiya ruwan ya ɗiga wa Dogo, abokin aikina, a yatsa. Dariya ya yi, ya ce, “Ko zafi babu.” Kafin la'asar yana ihu, wai kamar ana soya masa ƙashi. Yanzu yana asibiti, an cire yatsan, ni aka ba teburinsa.

Ɗazu da na cire safar hannuna, sai na ga ɗan huji a jikinta, daidai babban yatsa. Na wanke, an shafa min magani, likita ya ce mu jira zuwa yamma. Ban ji komai a yatsan ba tukuna.

Kada ki gaya wa Inna, ki dai ce ta sa ni a addu'a. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, da hagu nake yi.

Ƙaninki